Rasuwar Babanmu: da soja za mu fara tarihinsa ko da masaƙa?

Ɗan Autan Baba:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa daren Talata, an yi masa sutura Laraba bayan azahar. Da yawa a nan sun san shi, musamman waɗanda suka tashi a Kakuri da Makera kafin mu koma Tudun Wada. Shi ne tsohon nan mai baƙin keke Raleigh da ake gani duk Asabar da sassafe ya ɗaura kwando da sandunan fatsa ya nufi kogi.

Bayan roƙon addu'arku, akwai shawarar da nake nema. Muna son rubuta ɗan tarihinsa saboda jikoki, don yawancinsu sun same shi ne ya riga ya tsufa. Baffanmu ya ce a fara da aikin soja, a sa hotonsa na kaki, tun da ya yi yaƙin basasa. Inna ta ce sam, a sa wanda ya ɗauka a ƙofar masaƙa da abokan aikinsa. Ta ce ita ta zauna da shi shekara hamsin, kuma ba ta taɓa jin ya kira kansa soja ba. Ni aka ba rubutun, na rasa ta inda zan kama.

Hajiyar Makera:
Allahu Akbar. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Ka gaishe min da Inna, ka ce mata ina nan tafe ranar Juma'a. Sau nawa muka ci tarwaɗarsa a gidanmu ba da ko sisi ba.

Matashin Rigasa:
Allah ya gafarta masa. Yaya, ni dai ina tare da Baffa. Mutanen da suka yi aiki a masaƙa dubbai ne, amma mutum nawa ne suka ba da ransu don ƙasar nan ta zauna ɗaya? Duk ranar 15 ga Janairu ana bikin tunawa da mazan jiya, ana ajiye furanni, amma sunayen manyan hafsoshi kaɗai muke ji. Irin su Baba, kofur da saje, ba mai tuna su. In 'ya'yansu ma suka ɓoye, to wa zai faɗa?

Tsohon Ma'aikaci:
Inna lillahi. Sai yanzu nake gani, wayata ta kwana biyu a wurin gyara. Ɗana, wannan rashi namu ne duka. Shi ya koya min aiki. Ranar da aka kai ni sashen saƙa ina ɗan shekara goma sha tara, ƙarar injuna ta sa na kusa juyawa gida. Ya kama hannuna ya ɗora a jikin inji, ya yi min alama in saurara da tafin hannu, don a ɗakin nan ba a jin magana, da hannu da ido ake zance. Shi kafin zare ya tsinke ya san zai tsinke. Yana tafe tsakanin layuka sai ka ga ya tsaya cak gaban wani inji, ya kira makanike, a buɗe a tarar da abin da ya ce.

Aiki kashi uku muke yi, na safe da na rana da na dare. Idan jiniya ta yi kuka lokacin canji, titin Kakuri ba ka ganin kwalta saboda kekuna. Masu abinci a bakin ƙofa, masu shayi, masu facin taya, kowa na samu. Muna fitowa kai da gira fari fat da ƙurar auduga kamar mun yi furfura. A duk zaman da na yi ƙarƙashinsa yana foman ban taɓa riga shi zuwa ba, kuma ban taɓa ganin ya kai ƙarar yaro ofis kafin ya yi masa faɗa sau uku a keɓe ba. Ni sai da na yi shekara biyu da shi kafin na ji a bakin wani cewa tsohon soja ne. Inna ta fi kowa gaskiya.

Matashin Rigasa:
Baba, ban musa ba. Amma wannan horon da kake faɗa, zuwa kan lokaci da riƙe yara, ai daga bariki ya samo shi.

Tsohon Ma'aikaci:
Wataƙila. Amma mun yi aiki da wasu tsofaffin sojan da ba haka suke ba. Hali zanen dutse ne, yarona.

Malamin Tarihi:
Allah ya jiƙansa da rahama. Ɗan Auta, ko kun san rundunar da ya yi aiki a cikinta? Zai taimaka wajen gane abin da ya gani.

Ɗan Autan Baba:
Malam, takardar sallamarsa tana wurin Yaya Babba. Abin da na sani a Zariya aka ba su horo, kuma ya taɓa cewa suna ƙarƙashin Murtala.

Malamin Tarihi:
To ashe Runduna ta Biyu ce. Bari in ɗan faɗaɗa saboda matasan zauren. An fara yaƙi ranar 6 ga Yuli 1967. A watan Agusta sojojin Biyafara suka tsallaka suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma, har suka kai Ore a hanyar Ikko. Cikin gaggawa aka haɗa Runduna ta Biyu aka ba Murtala Muhammad, kuma da yawa daga cikin mutanensa kurata ne da ba su samu horo mai tsawo ba. Kafin yaƙi sojan Nijeriya gaba ɗaya wajen 10,000 ne, a ƙarshensa sun kai wajen 250,000, ka ga irin ɗibar da aka yi wa samari.

Rundunar ta ƙwato Benin, ta iso Asaba a farkon Oktoba 1967. Sojan Biyafara sun karya gadar Neja a bayansu, sai aka yanke shawarar tsallakawa Anacha da jiragen ruwa. An gwada har sau uku ba a yi nasara ba, mutane da yawa suka halaka, wasu da harsashi, wasu ruwa ya ci su. Sai daga baya aka zagaya ta Idah, aka kama Anacha ta ƙasa a watan Maris 1968.

Akwai kuma abin da ba zan tsallake ba, don in na tsallake na ci amanar karatuna. A Asaba, cikin wancan Oktoba, sojojin tarayya sun kashe fararen hula maza masu yawan gaske. Mutanen garin har yau suna tunawa da shi duk shekara. Ban ce marigayi yana wurin ba, ban kuma ce yana da hannu ba, runduna babba ce mai bataliyoyi da yawa. Ina dai nuna cewa wanda ya bi ta wannan hanya yana da dalilin yin shiru.

Matashin Rigasa:
Haba Malam. Mutum ko kwana bakwai bai yi a kabari ba, a kawo wannan magana a zaren ta'aziyyarsa? Wannan bai dace ba.

Hajiyar Makera:
Ni ma raina ya sosu. Akwai lokacin kowace magana.

Yaya Babba:
Ku bar Malam, bai faɗi abin da ya ɓata mana rai ba. Ni ce babbar 'yar marigayi. Auta bai san wannan ba don yana ƙarami lokacin, amma tun da an zo nan bari in faɗa.

Sau ɗaya tak Baba ya yi min maganar yaƙi. Ina aji uku a sakandare, aka ba mu aikin gida a kan yaƙin basasa, na je na same shi yana gyaran ƙugiyoyinsa a tsakar gida. Ya daɗe bai ce komai ba, har na miƙe zan tafi. Sai ya ce in zauna. Ya ce ranar da aka zuba su a jirgin ruwa, shi bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, don ɗan tudu ne, ƙauyensu rijiya suke sha. Haka ma yawancin waɗanda ke tare da shi. Da wuta ta buɗe daga ɗaya gaɓar, ya ga abokinsa da suka fito gari ɗaya ya faɗa ruwa da kaya a bayansa, ko ɗagowa bai yi ba. Shi wani katako ya rungume har ruwa ya kai shi gaɓa. Ya ce kuma ya ga yara a ƙauyukan can da yunwa ta mai da su ƙashi da fata, kuma ba ya son a yi masa kirari a kan abin da ya ƙare da haka. Daga nan ya ce in je in rubuta abin da ke cikin littafin makaranta.

Abin da ya sa na kawo wannan: ku dubi abin da ya yi bayan an sallame shi. Yana zuwa Kaduna, kafin ma ya yi aure, ya nemi masunta a bakin kogi ya ce su koya masa iyo. Mu takwas ya haifa, mata biyar, babu wanda bai koya wa iyo ba, duk da surutun da dangi suka yi a kan mu mata. Lokacin rani yake kai mu inda ruwa ya ja baya, ya tsaya a ciki har ƙugu, ya ce mu taho. Ni sai da na girma na haɗa wannan da wancan.

Malamin Tarihi:
Hajiya, na gode da kika ba mu wannan. In na yi gaggawa ku yafe ni. Amma ina roƙonku ku rubuta shi yadda kika faɗe shi. 'Yan'uwanmu na kudu sun rubuta nasu ɓangaren, littattafai sun fi a ƙirga. Mu namu ƙananan sojan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da labarinsu a ciki.

Yaya Babba:
Shi ne abin da nake jinjinawa, Malam. Ni ya faɗa wa, bai ce in yaɗa ba. Ko yanzu da na rubuta a nan gabana na faɗuwa.

Ɗan Barnawa:
Sannunku da rashi. Allah ya ta'azantar da ku. Ni Kirista ne, babana da marigayi sun yi aiki sashe ɗaya, kuma tare suke zuwa kamun kifi fiye da shekara ashirin. Da muka gaya wa babana jiya, bai ci abincin dare ba.

Ina so in ƙara abu ɗaya a kan maganar yaƙi. Su uku ne abokan kogi. Na ukun wani makanike ne Ibo a masaƙarsu, wanda shi ma ya yi yaƙin, amma a ɗaya ɓangaren. Babana ya ce su biyun sun san haka sarai, kuma bai taɓa jin sun tayar da zancen ba. Sai dai su zauna a kan dutse ɗaya kowa da fatsarsa, a raba tana, a raba rogo da ƙuli. Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara babu wanda aka ci da yaƙi, to ni a wurin mutanen nan biyu na ga haka da idona.

Abin da ya raba su shi ne rikicin Kaduna na Fabrairu 2000. Bayansa kowa ya san yadda gari ya tsage, Musulmi suka yi arewacin kogi, mu muka tattaru a kudu. Marigayi ya bar Kakuri. Amma bai bar zuwa gidanmu ba. Duk Kirsimeti sai ya tsallako gada da kekensa da busasshen kifi a leda, duk Babbar Sallah kuma babana na can gidanku cin nama.

Ɗan Autan Baba:
Wallahi na tuna Baban Barnawa. Shi ne mai kawo mana doya. Ka gaishe shi ƙwarai, ka ce masa muna nan zuwa.

Manomin Funtua:
Allah ya jiƙan Baba. Ni abin da ya tsaya min a rai maganar Tsohon Ma'aikaci ce ta kekuna a titin Kakuri. Mu a nan mun ga ɗaya gefen abin. Audugar da suke saƙawa daga gonakinmu take fitowa, Funtua da Malumfashi da Gusau. Mahaifina da kuɗin auduga ya yi aure, da shi ya je Makka. Yau ka zaga gonakin, masara ce da waken suya. Da masaƙu suka mutu ba Kaduna kaɗai aka kashe ba.

Malamin Tarihi:
Haka ne. Kaduna Textiles ita ce ta fari, an buɗe ta a 1957 zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. Sai masaƙun Nortex da United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960. Hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa ma a Kaduna take, kuma Adams Oshiomhole daga Arewa Textiles ya taso, ya zama babban sakatarenta a 1982 kafin ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007.

Matashin Rigasa:
Duk atamfar China ce ta jawo. A rufe boda kawai a gani.

Tsohon Ma'aikaci:
Ba ita kaɗai ba ce, ɗana, ni ina ciki aka yi. Ciwon ya fara tun 1986 da aka karya darajar naira. Injunanmu na waje ne, kayan gyaransu da sinadarin rini duk da kuɗin waje ake sayo su, farashi ya ninka. Sai wuta ta zama ba tabbas. Inji yana tsakiyar saƙa a ɗauke wuta, zare ya tsittsinke, yadin da ke kai ya lalace, a ɗauki awa ana ɗaurawa. Aka koma janareta. Baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi tsada, wani lokaci ma babu, ga matatar mai a Kaduna amma muna layi. Injunan da ya kamata a canza tun tuni aka ci gaba da lallaɓa su. A kan wannan rauni ne kayan fasa-ƙwauri suka shigo, an kwafi zanenmu har da tambarin gefen zane, ana sayarwa ƙasa da abin da muka kashe wajen yi.

Marigayi ya yi sa'a ya ajiye aiki kafin rufewa, ya karɓi haƙƙinsa ya sayi 'yar gona. Mu da muka tsaya, wata safiya muka zo muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Ba zan kama sunan wurin ba. Abokan aikinmu da yawa sun mutu suna jiran kuɗin sallama. Kuma shi da ya riga ya fita, duk zaman da muka kira sai ya zo ya zauna a baya. Akwai matan abokanmu biyu da na sani, duk kaka sai ya aika musu da masara daga gonar nan.

Hajiyar Makera:
Mu mata ma da namu laifin, mu muke sayen mai arha. Amma mai 'ya'ya shida da Sallah a gaba me zai yi?

Malamar Gandun Daji:
Allah ya gafarta wa Baba. Ina neman afuwa, zan taɓo wani gefe. Na ji ana cewa yana farauta ma. Ni aikina kenan, kula da daji, kuma ina ganin in za a rubuta wa jikoki tarihi kada a yi wa farauta ado. Dazukanmu sun zama kango. Gada da barewa waɗanda iyayenmu suke gani a bayan gari, yaro na yau sai a hoto. Maharba suna cikin waɗanda suka kai mu nan.

Ɗan Autan Baba:
Malama, gaskiya ne yana da bindigar farauta mai lasisi, kuma ya yi shekaru yana fita. Ni na bi shi sau da yawa. Ba zan ce bai kashe dabba ba. Amma ga abin da na gani. Ba ya fita da damina, ya ce lokacin haihuwarsu ne. Zabin daji da fakara da zomo yake nema, in ya sami biyu ya rataye bindiga. Bai taɓa shiga farautar gayya da ake cinna wa daji wuta ba, har faɗa ya yi da wasu samari a kan haka. A kogi kuma ya tsani masu zuba maganin ƙwari su kwashe kifi manya da ƙanana. Duk ƙaramar karfasar da ta kama ƙugiyarsa sai ya cire ta a hankali ya mai da ita ruwa.

Sau da yawa ma ba ya harba komai. Mu yi ta tafiya yana nuna min itatuwa, wannan marke ne, wannan ƙirya, wannan kanya, ga amfanin kowanne. Ya durƙusa ya nuna min sawu ya ce in faɗi na mene ne da kuma yaushe ya wuce. Ya taɓa ce min bayan kwana shida cikin ƙarar inji, kunnensa na bukatar wurin da zai ji kukan tsuntsu. Ƙarar nan ta ci masa kunnen hagu, a ƙarshe sai an ɗaga murya yake ji.

Malamar Gandun Daji:
Na yarda akwai bambanci tsakanin irinsa da masu ƙona daji. Amma ko mai ɗaukar biyu, in suka kai dubu, daji zai ji a jikinsa. Ban janye wannan ba. Sai dai zan ƙara da cewa masu yin gawayi da masu sare itace sun fi maharba ɓarna yanzu. In za ku rubuta, ku sa dokokin nan nasa dalla-dalla, su ne abin da nake so yara su ɗauka.

Tsohon Ma'aikaci:
Ai dajin ma an raba shi da shi tun kafin ƙarfinsa ya ƙare. Da can yana zuwa wajejen Birnin Gwari wurin wani amininsa, su kwana biyu suna yawo a gefen dajin Kamuku. Tun da 'yan bindiga suka kama yankin ya daina. Ranar da na kai masa ziyara ta ƙarshe ya ce min abin da ya fi damunsa shi ne bai san halin da mutanen ƙauyukan da suka sha ba shi ruwa suke ciki ba.

Matashin Rigasa:
Na karanta abin da Yaya Babba ta rubuta sau uku. Har yanzu ina ganin bai kamata a cire soja ba. Amma na janye maganar hoton kaki a gaba. In shi bai so kirari ba, ba ni ne zan yi masa ba.

Yaya Babba:
Ba za a cire ba, ƙanena. Na yi magana da Inna yanzu, na karanta mata duk abin da kuka rubuta. Ta yi kuka da ta ji na Ɗan Barnawa. Ta ce a sa labarin jirgin ruwan, amma a sa shi a wurin da ake bayanin yadda ya koya mana iyo, kada a ware masa babi. Hoto kuma ta ce a bar na kakin da na masaƙar duka a ciki, a sa wani a gaba wanda ni ma na manta da shi: yana zaune a kan dutse a bakin kogi da hular kaba, su uku da abokansa. Baffa bai riga ya amince ba, ya ce zai zo da daddare a yi magana.

Ɗan Autan Baba:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Baba Tsohon Ma'aikaci, zan zo da littafi da biro ka ba ni labarin sashen saƙa tun daga farko, don mu a gida ƙurar kawai muke gani a kansa. Malam, zan turo maka hoton takardar sallamar ka duba mana lambar bataliyar.

Ɗan Barnawa, akwai gwangwanin da yake ajiye ƙugiyoyinsa da sandar fatsarsa ta gora. Inna ta ce babanka za a kai wa. Ko kun san inda iyalan makaniken nan suke yanzu? Muna so mu sanar da su.

Ɗan Barnawa:
Shi ya rasu da daɗewa, amma ɗansa yana da shagon kayan mota a Kaduna, zan nemo lambarsa wurin babana. Ku zo ranar Asabar bayan la'asar, za mu jira ku. In kun tsallako gada ka kira ni in fito bakin titi, an canza hanyar shiga layinmu.